Makullin rimot da satar mota: ta ina ɓarawo yake shiga?

Ka tsaya minti goma a bakin Babbar Kasuwar Birnin Kebbi, ko gefen wani masallacin Juma'a ana dab da tayar da salla, ka lura da yadda mutane ke rabuwa da motocinsu. Mutum zai fito, ya banko ƙofa, ya ba motar baya, ya danna rimot daga cikin aljihu yana miƙa wa wani hannu ana gaisawa. Ba ya waiwayawa. Ya sakankance tunda yatsansa ya danna, mota ta kulle. A da hannu ne ke murɗa makulli, kunne ya ji ƙarar kullewa. Yanzu saƙo ne ake aikawa ta iska, kuma duk abin da ya bi iska wani na iya toshe shi, ko ya saurare shi, ko ya ɗauke shi ya kai inda ba a aike shi ba.

Shi ya sa ake jin magana biyu masu karo da juna a garejin makanikai da majalisar dillalai. Wasu na cewa motar zamani ba ta satuwa sai da makullinta. Wasu na cewa ai gara tsohuwa mai makullin ƙarfe, don ta yanzu yaro da 'yar na'ura a hannu zai tafi da ita. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Abin da ya rikita lissafin shi ne makullin da ke hannunmu ba abu ɗaya ba ne, kuma kowane sashe nasa da aikinsa, da kuma ta inda ake cin sa.

Yawancin makullan Camry da Accord da Corolla da ke yawo a titunanmu abu uku ne a jiki ɗaya. Akwai ƙarfen da ake zurawa a murɗa. Akwai rimot mai batir, wanda aikinsa buɗe ƙofa da kulle ta kawai. Kamfanin Renault na Faransa ne ya fara sa irinsa a motarsa Fuego a 1982, lokacin da hasken da ido ba ya gani yake aiki, kamar rimot ɗin talabijin. Na yanzu da igiyar rediyo suke magana: motocin da aka ƙera don Amurka kan megahaz 315, na Turai kan 433. Sai na uku, wanda mutane da yawa ba su ma san da zamansa ba: wata 'yar ƙwaya da ke binne cikin robar kan makullin, ba ta wuce ƙwayar shinkafa da yawa ba. Ba ta bukatar batir. Akwai zoben waya kewaye da ramin makulli. Da ka zura, zoben zai ba ƙwayar wuta, kwamfutar mota ta tambaye ta lambar sirri. In amsa ba ta zo daidai ba, ko sitata ta juya inji ba zai kama ba, don an hana shi mai ko tartsatsi.

Wannan ƙwaya, wadda masu wayarin ke kira cif, ita ce ainihin mai gadin motar. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta ta a sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi a 2007. Wani nazari da masana tattalin arziki biyu 'yan Holan suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100. Amurka kuwa ba ta taɓa mai da ita dole ba, kuma ta ga sakamakon. Miliyoyin motocin Hyundai da Kia masu makullin murɗawa da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021 babu cif a jikinsu. Matasa a birnin Milwaukee suka gano cewa in an fasa robar da ke bayan sitiyari aka cire ramin makulli, kan wayar cajin USB ya isa ya murɗa abin da ya rage. Suka riƙa ɗora hotunan a TikTok, sata ta bazu zuwa garuruwa da yawa, har a 2023 kamfanonin biyu suka amince da biyan diyyar da ta kai kusan dala miliyan 200, suka kuma fitar da gyaran manhaja. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, daga Amurkar nan Elantra da Sonata da Optima da yawa suke zuwa mana. Motar na da rimot, tana ƙyafta fitila, tana yin ƙara, mai ita na jin ya riƙe motar zamani, alhali ta fuskar tayar da inji ba ta fi tsohuwar 504 tsaro ba.

Har ma motar da ta zo da cif ɗinta, sau da yawa mu muke kashe shi da hannunmu. Makulli ɗaya ne, kansa ya tsage, ko Alhaji yana son a yanka wa direba da uwargida nasu. Makulli mai cif yana da tsada, ga kuɗin saita shi a kwamfuta. Sai mai wayarin ya ce, "Alhaji, akwai hanya mai sauƙi." Ya fasa kan makullin da sukundireba, ya zaro 'yar ƙwayar, ya kwance robar sitiyari, ya manna ta jikin zoben da baƙin salatif. Daga ranar kwamfutar mota kullum tana jin amsar da take so, ko akwai makulli ko babu. A je kasuwa a yanko ƙarfe uku kan kuɗi kaɗan, kowa ya yi murna. Amma motar ta koma irin wadda duk ƙarfen da ya iya juya ramin zai tayar. Wanda ya saya daga hannun Alhaji bayan shekara biyu ba zai taɓa sani ba, sai in ya sa an buɗe robar an duba, ko ya gwada makullin da ba shi da cif ya ga ko za ta kama. A ganina wannan ɗabi'a ta fi duk wata na'urar ɓarayin Turai yi mana ɓarna, kuma ba a cika maganarta ba.

Mu dawo kan rimot. Hanya mafi arha ta cin sa ita ce toshewa. Ɓarawo yana zaune cikin mota ko kan babur kusa da inda ka faka, yana riƙe da abin da ke watsa hayaniya a kan zangon da rimot ɗinka ke magana. Ka danna, saƙon ya nutse cikin hayaniyar, motar ba ta ji komai ba, ƙofa na nan a buɗe. Bai karya wata lambar sirri ba, bai san komai game da kwamfuta ba. A Afirka ta Kudu abin ya zama ruwan dare a filayen ajiye motoci na manyan kantuna, har akan kafa allunan gargaɗi. Galibi ba motar ake nema ba, abin da ke ciki ne: jakar kuɗin wanda ya fito daga banki, kwamfutar tafi-da-gidanka, waya. Shi ya sa ake samun mutum yana rantsuwa da Allah ya kulle motarsa, gilashi bai fashe ba, ƙofa ba tabo, amma jaka ta tafi, sai a fara zargin siddabaru ko yaron gida. Maganinsa bai fi daƙiƙa biyu ba. Ka danna kana kallon motar, ka ga fitila ta ƙyafta, sannan ka ja mariƙin ƙofa. Mai motar da ke buɗewa da taɓa hannu ya ja ƙofar baya, in dai tasa ba ta da na'urar taɓawa a nan.

Hanya ta biyu ita ce kwafar saƙon. Rimot na farko-farko lamba ɗaya tak suke aikawa kullum, don haka wanda ya naɗi saƙon sau ɗaya ya samu makulli har abada. Kamfanoni suka koma ga lamba mai juyawa: rimot da mota suna lissafi iri ɗaya a ɓoye, duk dannawa sabuwar lamba ce, wadda aka yi amfani da ita kuma ta mutu. Tsari ne mai kyau, amma an sha huda shi. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta Ba'amurke, Samy Kamkar, ya nuna wata 'yar na'ura da ya haɗa da kayan kusan dala 30. Tana toshe dannawarka ta farko ta ajiye lambar. Ka ga ba ta kama ba ka sake dannawa, ta toshe ta biyun ta ajiye, ta saki ta farkon. Mota ta amsa, kai ka tafi, shi kuma ya rage da lamba ɗaya mai rai a hannu. A 2016 masu bincike na Jami'ar Bamingham a Ingila da abokan aikinsu na Jamus suka nuna cewa motocin rukunin Volkswagen kusan miliyan 100 da aka sayar tun 1995 sun dogara ne kan wasu 'yan lambobin sirri kaɗan da suka yi tarayya a kai. Cikinsu har da Golf, wadda kowa ya san yawanta a tashoshinmu. Duk da haka a tuna: waɗannan dabaru ƙofa suke buɗewa, ba sa tayar da inji matuƙar cif na aiki. Wanda ya kamata ya fi damuwa shi ne mai rimot ɗin kasuwa, irin wanda ake haɗawa da jiniya a maƙala wa motar da ba ta zo da shi ba, don masu arha a cikinsu har yau lamba ɗaya suke aikawa.

Motar da ake tayarwa da danna maɓalli labarinta daban ne, kuma a nan ne tsoron mutane yake da tushe. Mercedes ce ta fara yaɗa tsarin wajen ƙarshen shekarun 1990, yanzu kuwa ya zama gama-gari a Camry da Highlander da Lexus na baya-bayan nan. Ba ka danna komai. Da ka taɓa ƙofa motar za ta yi kira da wata siririyar murya da ba ta wuce mita ɗaya ko biyu, makullin da ke aljihunka ya ji ya amsa. Haka kuma in ka danna maɓallin tayarwa. Duk tsaron ya rataya kan zato ɗaya: in makulli ya ji kiran, to yana kusa. Kamar makahon maigadi ne da ya san muryar maigidansa sarai, ba mai iya kwaikwayonta ya ruɗe shi. Amma in aka kara masa waya a kunne ya ji muryar, zai buɗe ƙofa, don bai da yadda zai gane maigidan yana bakin ƙofa ne ko yana Argungu.

Abin da ɓarayi ke yi ke nan. Su biyu ne. Ɗaya na jikin motar da akwatinsa, ɗayan yana neman kusantar makullin, jikin bangon gida ko bayan kujerarka a gidan abinci. Akwatin farko ya ɗauki kiran motar ya miƙa wa na biyu, makulli ya ji ya amsa da gaskiyarsa. Ba a karya komai ba, an dai tsawaita muryar. Masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurik sun gwada hakan a 2011 kan motoci iri goma na kamfanoni takwas, duka suka buɗe. A 2017 'yan sandan Ingila suka fitar da hoton kyamarar wani gida a Solihull, inda mutum biyu suka tafi da Mercedes cikin kusan minti ɗaya, makullin na cikin gida. Zuwa 2019 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada motoci 237, aka buɗe aka kuma tayar da 230. Ukun da suka tsira gaba ɗaya na Jaguar Land Rover ne, masu sabuwar fasahar da ke auna tsawon lokacin da amsa ta ɗauka, ta haka take gane tazarar makulli. Kuma da zarar inji ya kama ba ya mutuwa don makulli ya yi nisa. Gargaɗi kawai zai nuna a allo. Da gangan aka yi haka, don kada batirin makulli ya mutu mota ta kashe kanta a tsakiyar titi.

To yaya girman wannan haɗari yake a Kebbi? Gidajenmu na taimakonmu: mota na cikin katanga, ga get, makulli na can ƙuryar ɗaki, ba kamar gidan Bature da motarsa ke kwana bakin titi makulli na rataye bayan ƙofa ba. Inda ya kamata a kula shi ne otal, gidan biki, asibiti, wurin taro, duk inda baƙo zai iya tsayawa kusa da aljihunka ba wanda ya tanka. Kariyar ba ta da tsada. Akwai 'yar jaka mai rufin ƙarfe a ciki da ke hana makulli ji, gwangwani mai murfi ma yakan yi, amma a gwada: sa makullin ciki, ka je jikin motar ka taɓa ƙofa, in ta buɗe to jakar ba ta aiki. Makullan Toyota da yawa ana iya sa su barci, ka riƙe maɓallin kullewa ka danna na buɗewa sau biyu, 'yar fitilar ta ƙyafta sau huɗu. Ford ta fara sa wa makullanta na'urar da ke kashe su in sun yi daƙiƙa 40 ba motsi tun 2019.

Sai dai ƙofar da ta fi ba ni tsoro tana ƙarƙashin sitiyari. Akwai wani soket mai baki 16 da makanike ke jona na'urarsa don duba lafiyar mota, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Ta nan ake gano ciwon inji, ta nan kuma ake koya wa mota sabon makulli. A motoci da yawa, mai na'urar da ta dace, in ya samu shiga ciki, musamman in ainihin makullin na hannunsa, 'yan mintuna sun ishe shi ya ƙara nasa. Yanzu ka tuna hannu nawa makullinka ke bi a wata: wurin wankin mota inda kake miƙa shi ka tafi cin abinci, garejin da mota ke kwana, direban da kuka rabu ba daɗi, yaron da ake aika ya sha mai. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal, amma mutum ɗaya ya isa. Wanda ya yi haka ba ranar zai ɗauki motar ba. Zai bari a manta, ya bi sawunta, wata rana ya zo ya buɗe ya shiga kamar mai ita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Motoci masu tsada kuma suna da nasu ciwon. A 2022 aka sace RAV4 ɗin wani masanin tsaron motoci mai suna Ian Tabor a Landan, bayan ya ga an ɓalle masa bamba da fitilar gaba har sau biyu ya ɗauka ɓarnar yara ce. Binciken da shi da Ken Tindell suka fitar a 2023 ya nuna ɓarayin na kaiwa ne ga wayoyin da ke bayan fitila, waɗanda ke haɗe da sauran kwamfutocin motar, su jona wata na'ura da aka ɓoye cikin kwanson sifikar JBL, ta riƙa aika saƙon ƙarya cewa an ga makulli. A nan jakar ƙarfe ba ta da amfani, don ba a ma nemi makullin ba. Abin da ke ɓata wa irin waɗannan lokaci shi ne tsohon ƙarfen kulle sitiyari ko na feda, da ɓoyayyen makunnin da ke yanke famfon mai, in ƙwararre ne ya sa shi kuma ba duk gari ya san inda yake ba. Ɓarawon da ya zo da shirin minti ɗaya ba ya son tsayawa yanka ƙarfe a idon jama'a. Wanda ya zo da bindiga kuwa babu makullin da ke maganinsa. A miƙa masa, a tsira da rai.

Lokaci yana da nauyi na musamman a jihar nan saboda iyaka. Kebbi na maƙwabtaka da Nijar da Jamhuriyar Benin duka. Daga Birnin Kebbi ka bi Kalgo da Bunza ka isa Kamba, Gaya na gaba kaɗan, ƙetaren kogi kuma Malanbil ce. Ta Bagudo akwai Tsamiya da Lolo, ban da hanyoyin daji da ba a lissafawa. Motar da aka ɗauka bayan isha tana iya kwana a wata ƙasa. Na'urar bin sawu na taimakawa, amma da layin waya take aiki: in kuɗin layi ya ƙare, ko aka shiga inda babu sabis, ko aka tsallaka iyaka da layin da ba a buɗe masa yawo ba, shiru za ka ji. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a jihar. Mai ita ya riƙa duba ta lokaci-lokaci, kada sai ranar bukata. A kuma san cewa inshorar naira 15,000 da aka fi yanka tun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan motar da aka sace. Wannan sai cikakkiyar inshora, ko takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai gudun ta gargajiya.

Hanyar da ke fitar da motocinmu ita ce kuma ke shigo mana da na wasu. A Kanada an sace motoci fiye da 105,000 a 2022, abin ya kai gwamnati ta kira taron ƙasa a kansa a Fabrairun 2024, kuma da yawa daga cikin motocin ta tashar jiragen ruwa ta Montreal suke fita zuwa Afirka ta Yamma da Gabas ta Tsakiya. A Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya. Wanda aka karɓe irin wannan mota daga hannunsa sau da yawa da kuɗinsa ya saya, ya yi asarar motar da kuɗin. Lexus ko Highlander sabuwa fil, farashi ƙasa da na kasuwa, makulli ɗaya rak kuma ba na kamfani ba, dillali na gaggawa: wannan abin a dakata ne. A duba lambar shasi mai harafi da lamba 17 a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba da takardun kwastam, a ga sun zo ɗaya, a kuma bincika tarihinta a intanet kafin a biya.

Ko motar ta fito tsab, ko 'yar Kwatano ce ko ta hannu, akwai aiki ɗaya da ya kamata a yi a makon farko. A kai ta wurin mai na'urar da aka yarda da shi, mai ita na tsaye, a tambayi kwamfutar makulli nawa ta sani. Tana iya cewa uku ko huɗu alhali ɗaya aka ba ka. A goge duk wanda ba ya hannunka, a saita na biyu a ajiye a gida, a kuma buɗe robar sitiyari a tabbatar babu cif manne da salatif a jikin zoben.